Baƙo Ya Zaka: Kayan Aikin Intanet a Ajin Hausa

Shekara uku ke nan ina ba ɗaliban aji biyu wani aiki duk lokacin da za su tafi hutun tsakiyar shekara. Kowa ya je gida, ya nemi tsoho ko tsohuwa, ya roƙi tatsuniya ɗaya ko labarin kafuwar garinsu, ya naɗa a wayarsa, sa'an nan ya zauna ya rubuta abin da ya ji, kalma bayan kalma. A shekarar farko na ƙara wata magana wadda a lokacin na ɗauka taimako ce. Na ce kafin su kawo mini aikin, su bi rubutunsu da manhajojin da ke intanet, su duba duk kalmar da suke shakka, domin na gaji da jan biro a kan kurakuran da ɗan firamare ma ba zai yi ba. Na faɗi haka ina tattara takarduna, ban kuma ƙara tunawa da maganar ba.

Cikin waɗanda suka kawo aikinsu da wuri akwai wata ɗaliba ƴar Adar, daga wani ƙauye da ke gabas da Tawa. Takardarta ta fi ta kowa tsabta. Kowane baƙi mai lanƙwasa yana da lanƙwasarsa, an raba kalmomi inda ya kamata a raba, an haɗe inda ya kamata a haɗe. Sai dai tun ban kai ƙarshen shafin farko ba na ji wani abu ya tsaya mini a rai. Tatsuniyar Gizo ce da Ƙoƙi, amma muryar da ke fitowa daga takardar ta mai karanta labaran duniya ce a gidan rediyo. Na sa abin sauraro a kunne, na buɗe sautin da ta turo tare da rubutun. Tsohuwa ce mai kakkausar murya, tana magana tana tari, awaki suna kuka a bayanta. Inda takarda ta ce "wannan", tsohuwa "wanga" ta ce, ko "wagga" in abin mace ne. Inda takarda ta ce "gidansa", ita "gidanai" ta ce. Inda aka rubuta "sai baƙo ya zo", abin da na ji da kunnena shi ne "sai baƙo yaz zaka". Magana ta minti goma sha ɗaya an wanke ta tas, ba a bar wa tsohuwar nan ko kalma ɗaya tata ba.

Na kira ɗalibar bayan darasi. Na ce, "Malama, ina maganar kakarki ta shiga?"

Ta ce, "Malam, ai ku kuka ce mu duba. Na sa 'baƙo ya zaka' a manhajar fassara, ta ba ni wani abu marar kai marar gindi. Na nemi kalmar a wani ƙamus na waya, babu ita. Sai na ce ƙila ba Hausa ba ce, maganar ƙauye ce kawai, shi ya sa na gyara."

Ta faɗi "maganar ƙauye" idonta a ƙasa, kamar mai neman gafara a madadin kakarta. A nan ne na gane cewa umurnin da na bayar a tsaitsaye ya yi ɓarnar da jan birona bai taɓa yi ba. Na tura yarinya wurin alƙalin da bai san ƙasarsu ba, ya yanke hukunci a kan harshen da aka goye ta da shi, ta kuwa karɓi hukuncin ba musu.

Yana da kyau mai nazarin Hausa ya san dalilin da ya sa na'ura ta ruɗe, domin ba sihiri a ciki. Manhajar fassara ba ta taɓa zama a gindin murhu ta ji hira ba. Abin da ta sani duk daga rubutun da aka tara mata ne, kuma Hausar da ta fi yawa a intanet Hausar labarai ce, da ta jaridun Nijeriya, da ta littattafan hikaya na Kano, da fassarorin addini, sai kuma tarin saƙonnin da mutane ke rubutawa a gaggauce a dandalin sada zumunta. A cikin wannan tari, duk inda aka ga "zaka" a haɗe, kusan kullum wani ne ya so rubuta "za ka" ya ƙi rabawa. Saboda haka da aka ba ta aikatau na mutanen yamma mai ma'anar "zo", sai ta karanta shi da kuskuren rubutun wasu, ta mai da zuwan baƙo alƙawarin abin da za ka yi gobe. Hausar Adar da ta Arewa da ta Kurfai da ta Gobir ana jin su a kasuwa da rediyon gari, amma ba safai ake rubuta su ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, a wurin na'ura babu shi.

Washegari na aro majigi, na haɗa da wayata, na buɗe ƙamusun Bargery a gaban aji. Wannan ƙamus an buga shi a 1934, yana ɗauke da kalmomi kusan dubu 39, kuma shekaru da dama ke nan da aka sanya shi a intanet inda kowa zai iya bincika shi kyauta. Na ce da ɗalibar ta zo ta buga kalmar da hannunta. Ta buga, sai ga "zaka" a bango, da ma'anarta, da alamar da ke nuna cewa kalmar mutanen yamma ce. Aji ya ɗauki guna-guni. Wani ɗan Dogon Dutsi ya ce a nemo masa tasa, wata ƴar Tibiri ta ce saura ita. Muka cinye sa'a guda muna haka, darasin da na shirya bai samu shiga ba, ban kuwa yi nadama ba. Mutumin da ya tattara wannan ƙamus ya yi shekaru yana yawo yana tambaya, yana rubuta cewa wannan ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina, waccan ta Gobir. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Bahaushe, kuma abin mamaki shi ne intanet ɗin da ya kunyata yarinyar nan jiya shi ne ya kawo mata zumar yau.

Tun daga ranar, kafin in shigar da kowane shafi ko manhaja aji, sai na yi mata tambayar da ake yi wa baƙon malami: a ina ka yi karatu, wa ya ba ka? Ƙamusun da ke da marubuci sananne, da shekarar bugu, da bayanin yadda aka tattara shi, ina sakin jiki da shi ko da ya tsufa, domin na san inda zan yi hattara. Bargery, alal misali, ya riga baƙaƙe masu lanƙwasa zama ƙa'ida, don haka a bugunsa na takarda ɗigo ne a ƙarƙashin k, hamza kuma a gaban b da d, kuma ba za ka sami kalmomin zamanin nan a cikinsa ba. Wanda ke son Faransanci yana da aikin Abdou Mijinguini, akwai kuma ƙamusun Hausa da Faransanci na makarantun firamare wanda shirin DiLAF ya mayar na intanet tare da na Zabarmanci da Barbarci da Tamajak. Na Abraham da na Newman da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ina aika ɗalibai ɗakin karatu su taɓa su da hannu. Amma jerin kalmomin nan da ake saukewa a waya, marasa suna marasa asali, waɗanda ke ba kowace kalma ma'ana ɗaya tak ba misali ba karin sauti, waɗannan na hana a kafa mini hujja da su.

Darasin makon farko a ajina yanzu ba na nahawu ba ne, na allon rubutun waya ne. Kowa ya fito da salularsa, mu shiga saiti, mu ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard ko wani makamancinsa, sa'an nan kowa ya danna k ya riƙe har ƙ ta bayyana, haka b da d da y. Masu kwamfuta kuma mu sanya musu Keyman, wanda kyauta ne. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne da bai kai malamin jami'a ya ɓata sa'a a kansa ba. Ni na san abin da ya ci mini. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku, da wani salon haruffa na musamman muke aiki, wanda ke ɓoye ƙ da ɗ a bayan wasu alamomi. Ranar da na kai babi biyu wurin bugawa, aka buɗe su a wata kwamfuta, sai duk lanƙwasa ta rikiɗe ta koma baka da alamar tambaya. Mako guda na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Yau kowane ɗaya daga cikin baƙaƙen nan yana da lambarsa a tsarin Unicode, ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƴ kuma U+01B4, kuma duk na'urar da ta karɓi saƙonka za ta nuna su yadda ka rubuta. Uzuri ya ƙare. Wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi", ko "kasa" yana nufin "ƙasa", ko ya ce mace ta yi "bari" alhali "ɓari" ta yi, ganin dama ne. Kuma duk saƙon da aka saki ba lanƙwasa yana komawa cikin tarin da na'urorin gobe za su koya daga gare shi.

Akwai wata ƴar matsala da ta shafe mu mu na wannan gefen iyaka. Mu muna rubuta ƴ, maƙwabtanmu na Nijeriya suna rubuta hamza da y. Sauti ɗaya ne, amma injin bincike ba kullum yake sanin haka ba. Ɗalibin da ke neman rubutu a kan tarbiyyar ƴaƴa, in ya buga kalmar da rubutunmu zai ga wasu shafuka, in ya buga da nasu zai ga wasu, in ya buga "yaya" tsirara zai ga na uku, gauraye da maganar babban wa da tambayar lafiya. Shawarata ita ce a nemi kowace kalma da duk rigunan da take sawa. Wanda kuma ya ci karo da tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci na ƙasarmu, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, kada ninkin wasalin ya ba shi tsoro. Tsarin da ya biyo bayan taron Bamako na 1966 ke nan, kafin zaman Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu.

Wannan ninkin wasali da muka bari shi ne ya kai ni ga kayan aikin da na fi ƙauna. Rubutun boko na yau ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Bahaushe yana karanta "gari" ya san ko na zama ne ko na tuwo daga abin da ke kewaye da kalmar, amma ka tambaye shi mene ne bambancin, sai ya yi ta maimaita su yana dariya. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina zana layi sama da ƙasa, ina buga tebur, ina fito da baki, rabin aji suna gyaɗa kai don ladabi kawai. Sai na fara shigo da Praat. Manhaja ce ta nazarin sauti wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara bukatar intanet. Mutum ya yi magana a makirufo, sai ta zana muryarsa, ta ja wani siririn layi da ke hawa da sauka yadda muryar ta hau ta sauka, ta kuma auna tsawon kowane sauti.

Nakan kira ɗalibi ɗaya ya ce "kuka" na hawaye, sa'an nan ya ce "kuka" ta miya. A ta farko layin yana tafiya a miƙe a sama, a ta biyu sai ya faɗo a gaɓar ƙarshe kamar wanda ya taka rami. Mu koma "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala: ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Mu zo kan "gari", inda karin sautin bai bambanta ba, mu auna wasalin farko, sai a ga na tuwo ya kusan ninka na zama a tsawo. Daga nan sai "baba", wadda ke iya zama mahaifi, ko uwa, ko shukar rini, gwargwadon yadda aka ɗaga ta aka ja ta. Abin da ya fi burge su shi ne jimla doguwa. Idan karin sama da na ƙasa suna bin juna, kowane na sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko kaɗan daga wanda ya gabace shi, har layin ya zama kamar matakalar bene, ta yadda na saman da ke ƙarshen jimla zai iya yin ƙasa da na ƙasan da ke farkonta. Na sha bayyana wannan da baki ba a gane ba. Ranar da suka gan shi a bango, da muryar abokinsu, wani daga baya ya ce, "Ashe haka muke yi!" Gani ya kori ji, ko da yake a nan gani ne ya koya musu ji.

Ɗalibaina ba duka Hausawa ba ne. Akwai Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye, wasu sun tashi da Hausar kasuwa, wasu a nan suka fara ta. Su Praat ya fi yi wa rana, domin mutum yana iya naɗar muryarsa ya jera ta da ta Bahaushe ya ga inda ya kauce, ba tare da an yi masa dariya ba. Har bambancin k da ƙ ana ganinsa: bayan fashewar ƙ akwai ɗan shiru kafin wasali ya fara, lokacin da maƙogwaro yake a rufe. Su ne kuma nake tura wa bidiyoyin Hausar Baka, waɗanda marigayi Russell Schuh na jami'ar UCLA ya shirya da abokan aikinsa a shekarun 1990. Bayanin da ke tare da su da Ingilishi yake, wanda bai cika yi mana amfani ba, amma hirarrakin na mutanen Kano ne a gidajensu da kasuwanninsu, kuma kunne ba ya bukatar tafinta.

Rediyo kuwa tsohon malami ne da ya sami sabon ɗaki. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, amma da can in labari ya wuce ya wuce. Yanzu ana iya sauke shiri, a tsayar, a mayar baya, a saurari jimla ɗaya sau goma. Aikin da nakan bayar shi ne a ɗauki labari guda, a saurare shi daga wata tasha ta waje ko ta Kano, a sake saurarensa daga Studio Kalangou na nan Yamai ko wani rediyon gari, a jera kalmomin da suka saɓa. Nan take ɗalibi zai ga tarihin mulkin mallaka kwance a bakin mutane: mu da lakwal da mushe da kaye da lokotoro, su da nasu aron daga Ingilishi. Ba na tambayar wanne ne daidai. Ina tambayar wa ke magana, da wa yake yi, kuma wace kalma zai zaɓa in yana son a fahimce shi daga Agadas har Zariya.

Sauran kayan zan ambace su a gurguje. Waɗanda za su koyar a makarantun firamare masu harshe biyu, irin waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, ina nuna musu African Storybook, inda akwai ƙananan littattafan yara masu hotuna da lasisin da ya yarda a fassara, a sauya, a buga. Masu son ajami suna da hotunan rubuce-rubucen da Jami'ar Boston ta tattara ta sanya a intanet, kafin su je su ga na gaske a sashen rubutattun littattafai na IRSH. A can ne sukan gano cewa malaman zaure sun daɗe da warware matsalar "gari", domin alif da wawu da ya suna nuna dogon wasali. Anki yana taimakon mai haddar kalmomi, Kiwix kuma yana ba da damar ɗaukar Wikipedia a waya a karanta ba tare da an haɗu da intanet ba.

Wannan magana ta ƙarshe ba ƙarama ba ce a wurinmu. Yawancin jerin "kayan aikin malami" da ake yaɗawa an rubuta su ne don ajin da ke da ɗalibai ashirin, kowa da kwamfutarsa, wuta ba ta ƙiftawa. Nawa ajin ya haura ɗari. Na taɓa gwada wasan nan na tambaya da amsa da kowa ke shiga ta wayarsa, sakamako yana fitowa a bango. Minti biyar na farko an yi shewa. Daga nan rezo, kamar yadda muke ce masa, ya yi ƙasa, rabin aji suka faɗo daga wasan, sai kuma na lura da wasu ƴan layin baya da suka sunkuyar da kai tun farko. Ba su da mega, wasu wayarsu ma ba ta irin wannan aiki ba ce. Na shirya wasa don in sa su nishaɗi, na ƙare da nuna wa aji wanda ke da shi da wanda ba shi da shi. Ban sake ba. Yanzu ma'aunina shi ne abin da za a iya saukewa sau ɗaya, da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, a rarraba ta Bluetooth ko katin waya, mutum biyar su yi aiki da na'ura ɗaya. Zauren WhatsApp na aji, wanda ba wanda ya ƙirƙire shi don koyarwa, ya fi duk wani dandalin karatu yi mini aiki, saboda saƙon murya. Nakan tura kalma biyar da yamma, kowa ya faɗe su da karin garinsu, kafin safe mun tara abin da za mu kwatanta.

Manhajar fassara ma ban kore ta ba, kujera na sauya mata. Da tana zaune a mazaunin alƙali, yanzu tana gaban alƙalai. Nakan ba ta jimla a gaban aji, ɗalibai su yi mata gyara, kuma sharaɗin shi ne duk wanda ya ce ta yi kuskure sai ya faɗi dalilin kuskuren. Wata rana muka ba ta "na sayi goro na dala ashirin". Ta mayar da shi kuɗin Amurka, goron ya fi rago tsada a lissafin wasu. Kowane yaro a nan ya san dala tamma biyar ce, dala ashirin kuwa sefa ɗari, amma a Hausar labarai dala ta Amurka ce, ita kuma can ta yi karatu. Muka ba ta "jikka biyu", ta kawo mana buhuna, ba ta san dubu biyu ake nufi ba. Daga wannan dariya muka shiga tarihin kuɗi a ƙasar Hausa, daga wuri zuwa sefa, darasin da ban shirya ba. Sababbin manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira sun fi waɗannan iya jera Hausa mai santsi, kuma santsin ne abin tsoro. Wani ɗalibi ya kawo mini karin magana goma da ya samo daga ɗayarsu. Shida sanannu ne. Huɗu kuwa suna da ƙirar karin magana, da kari da komai, amma ba wanda ya taɓa jin su a aji, ba su cikin littattafan da muka duba, tsofaffin da aka tambaya kuma suka ce a kai kasuwa. Ƙa'idar da na kafa ita ce kowane karin magana ya zo da sunan littafi da shafi, ko da garin da aka ji shi da shekarun wanda ya faɗa.

Abin ya wuce maganar maki. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta da takardun hukuma za ta ƙaru, kuma waɗannan da ke zaune gabana su za a nema. Za a ba su aiki mai yawa a lokaci kaɗan, na'ura kuma tana kusa. In sun fita daga hannuna da imanin cewa abin da ta sani shi ne Hausa, abin da ba ta sani ba maganar ƙauye ce, to za su rubuta wa manomin Keita takardar da zai nemi wanda zai fassara masa ita. Daidaitacciyar Hausa wajibi ce, ita nake koyarwa, ita nake rubuta wannan da ita. Amma wanda ya san ta ya kuma san ta gidansu ya fi wanda ya sayar da ɗaya ya sayi ɗaya.

Wasu ɗalibai sun ce, to me zai hana mu koya wa na'urar tamu Hausar? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai ƙofa. Wikipedia ta Hausa kowa na iya rubutu a cikinta, garuruwanmu da yawa kuwa ba su da ko sakin layi ɗaya. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin masu sa kai suna karanta jimloli, kuma Hausa tana ciki. Waɗanda suka ga dama sun shiga, da muryarsu, da saninsu cewa abin da suka bayar ya zama na kowa. Muryoyin tsofaffi kuwa na ce a dakata. Tsohuwar da ta ba jikarta tatsuniya a tsakar gida ba ta ba duniya ba. Sai an koma an gaya mata a fili inda muryarta za ta je da wanda zai iya jin ta, in ta yarda a naɗi yardar a farkon sautin, in ta ƙi a bar shi a aji. Biyu daga cikinsu sun ƙi, ɗaya ta ce ba ta son surukanta su ji ta tana kwaikwayon kura.

Ɗalibar nan ƴar Adar ta sake rubuta tatsuniyar. Wannan karon shafi biyu ta yi a jere, na dama maganar kakarta yadda ta fito, na hagu daidaitacciyar Hausa, a ƙasa kuma bayanin kowane bambanci, har da yadda "ya" ke ninka baƙin da ya biyo ta a cikin labari, wanda ya ba da "yaz zaka". Ta dawo mini da tambayoyi biyu. Ta farko, kakarta ba "dutse" take cewa ba, wani sauti take yi mai kama da c amma da maƙogwaro a rufe, kuma babu shi a allon wayar. Muka duba yadda Bernard Caron ya bayyana shi a nazarinsa na Hausar Adar, muka shirya za ta rubuta c da hamza, ta yi bayani a shafin farko. Ta biyu, duk lokacin da ta buga "gidanai", wayar sai ta sauya mata shi da kanta. Na karɓi wayar, muka shiga saiti, na nuna mata inda ake kashe gyaran kai-tsaye. Ta kashe, ta sake buga kalmar, ta tsaya tana kallonta ko za ta motsa.